Daga 500 zuwa 10: Yadda Madogarar Katalis Ta Raba Gardama a Matatun Man Turai

Ranar 1 ga Janairu 2009 wa'adin da Tarayyar Turai ta ɗibar wa matatun mai ya cika. Daga ranar, duk dizal ɗin da za a zuba wa mota a ƙasashenta, farar wutar da ke cikinsa, wato salfa, ba za ta wuce kashi 10 cikin miliyan ba, abin da ake rubutawa 10 ppm. Ba dare ɗaya aka kai nan ba. A 1996 iyakar 500 ce, a 2000 aka sauke ta zuwa 350, a 2005 kuma zuwa 50. Amurka ta sa tata iyakar a 15 ppm a 2006. Dalilin a fili yake. Salfa idan ta ƙone a inji tana fita cikin hayaƙi mai shiga can cikin huhu, kuma tana lalata na'urorin tace hayaƙi da ake haɗa wa salansar motocin zamani.

Wanda bai san aikin ba zai ɗauka cewa wanda ya iya sauke salfa daga dubu goma zuwa 500, ai saura kaɗan ya kai 10. Ba haka abin yake ba. Wannan ɗan ragowar shi ya fi duk abin da aka cire a baya taurin kai, kuma a ƙoƙarin fitar da shi ne aka gane cewa abin da aka daɗe ana ɗauka shimfiɗa ce kawai a ƙarƙashin ƙarfe a cikin sinadarin tace mai, wato madogarar katalis, ita ke riƙe da akalar aikin.

Abin da ke cikin tukunyar

A kowace matata akwai doguwar tukunyar ƙarfe a tsaye, mai kaurin bango, da ake kira riyakta. Ana haɗa ɗanyen dizal da iskar haidirojin, a ɗumama su zuwa tsakanin digiri 320 da 400, a matse su da ƙarfin da kan kai daga ninki 30 na matsin iskar da muke shaƙa zuwa sama da ninki 100, sannan a kwararo su daga sama. Cikin tukunyar cike yake da katalis, sinadarin da ke gaggauta aiki ba tare da shi ya ƙare ba. A nan salfa ke rabuwa da mai ta haɗu da haidirojin ta zama iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, naitirojin kuma ya zama amoniya, a janye su duka biyu.

Idan ka ɗebi sabon katalis ɗin a tafin hannu, za ka ga 'yan gutsattsari ne kamar taliyar da aka kakkarya, kaurinsu bai wuce milimita ɗaya da rabi ba, bakin kowanne mai kunnuwa uku ko huɗu don mai ya sami hanyar ratsawa. Na tsohon yayi mai kobalt shuɗi ne. Ba shi da nauyi a hannu, saboda cikinsa duk ramuka ne da ido ba ya gani, faɗin kowanne wajen nanomita 10, nanomita kuwa kashi ɗaya ce cikin miliyan na milimita. Mafi yawan jikinsa alumina ce, wato haɗin alminiyam da oksijin, ita ce madogara. A bangon ramukanta aka baza molibdinam tare da ɗan kobalt ko nikel. Giram ɗaya na wannan alumina, da za a buɗe ramukansa a shimfiɗe, zai rufe fili mai murabba'in mita 200 zuwa 300. Kafin a fara aiki sai an shayar da katalis ɗin salfa da gangan, sannan ya rikiɗe ya koma baƙi, molibdinam ɗin ya zama 'yan falle-falle masu kaurin zarra uku. Aikin duka a gefunan waɗannan fallayen yake faruwa.

Shekaru da dama abin da ake nema daga alumina bai wuce uku ba: ta ba da fili, ta jure zafi, kada ta farfashe a ƙarƙashin nauyin da ke kanta. Kamar tabarmar shanya aka ɗauke ta, wadda ba ruwanta da hatsin da aka baza mata. Da wannan fahimtar aka kai 500 ppm lafiya lau.

Ragowar da ta ƙi fita

Salfar da ke cikin dizal ba iri ɗaya ba ce. Mafi yawanta tana rataye a wuraren da katalis ke kamawa cikin sauƙi. Amma da aka binciki abin da ke saura bayan an tace, sai aka tarar kusan duk dangi ɗaya ne, kuma babbansu shi ne wanda ake kira 4,6-DMDBT. Ƙirarsa zobba uku ne a jere, a shimfiɗe, zarrar salfa tana zaune a zoben tsakiya. A dama da hagunta akwai ƙananan rassa biyu na kabon da suka tsaya mata kamar dogarai. Hanyar da katalis mai kobalt ya fi ƙwarewa a kai ita ce ya cafki salfar kai tsaye ya fizge ta, to waɗannan rassan biyu sun tare ƙofar.

Akwai hanya ta biyu. Idan aka fara cusa haidirojin a ɗaya daga zobban gefe, zoben yakan lanƙwashe, reshen ya kauce, salfar ta fito fili a cire ta. Wannan hanya tana cin haidirojin da yawa, tana son matsi mai ƙarfi, kuma nikel ya fi kobalt iya ta.

A nan naitirojin ya shigo. Yawansa a dizal bai kai na salfa ba ko kusa, sau da yawa 'yan ɗaruruwan ppm ne, sai dai ya fi haka a man da ya fito daga sashen fasa mai mai nauyi. Amma sinadaran da ke ɗauke da shi, irin su kwinolin da akiridin da kabazol, suna manne wa daidai wuraren da ake cusa haidirojin, kuma sun fi 4,6-DMDBT ƙarfin riƙo. Muddin suna nan, shi ba ya samun wurin zama. Su kansu kuma ba sa fita ta gajeriyar hanya, dole sai an cika zobensu da haidirojin kafin igiyar da ke tsakanin kabon da naitirojin ta tsinke. Saboda haka a tukunyar da ake neman 10 ppm, sashen sama yana cire salfa mai sauƙi ne yana kuma fama da naitirojin, kuma sai inda naitirojin ya kusa ƙarewa, can ƙasa, sannan salfa mai taurin kai ke fara fita da sauri. A ganina duk wanda ya fahimci wannan ya fahimci rabin lamarin. Doka salfa ta ambata, amma naitirojin ne ke yanke yawan tukunyar da za ta rage wa salfar.

Masana kamfanin Haldor Topsøe na ƙasar Denmak sun yi lissafi a 1999 cewa sauka daga 500 zuwa 50 ppm kawai yana bukatar katalis mai ƙarfi wajen ninki huɗu, ko kuma a ƙara zafin tukunya da kusan digiri 40. Ƙarin zafi ba mafita ba ce. Yana sa baƙin gawayi ya toshe ramukan katalis da wuri, a tsayar da aiki kafin lokaci, kuma idan zafi ya yi yawa hanyar cusa haidirojin ita kanta takan fara ja da baya. Gina sabuwar tukunya kuwa kuɗi ne masu yawa da shekaru. Wasu matatun sun gina, amma kowa ya fi son a ba shi abin da zai zuba a tukunyar da yake da ita.

Riƙon alumina

Amsar ta riga dokar zuwa da kusan shekara ashirin, tana kwance a ɗakunan bincike. A 1981 Henrik Topsøe na wannan kamfani na Denmak da abokan aikinsa suka nuna cewa kobalt ɗin da ke aiki shi ne wanda ya zauna a gefunan fallayen molibdinam, suka sa wa wannan tsari suna Co-Mo-S. Sauran kobalt ɗin asara ne, ko dai ya dunƙule shi kaɗai da salfa, ko ya nutse cikin jikin alumina. Shuɗin nan mai kyau na tsohon katalis, wani ɓangarensa launin kobalt ɗin da alumina ta haɗiye ne.

A 1984 suka ƙara gano wani abu. Idan aka shayar da katalis salfa a zafi mai tsanani, Co-Mo-S ɗin da ke fitowa yakan yi wajen ninki biyu na aikin wanda aka saba. Suka kira na farko Nau'i na Ɗaya, sabon kuma Nau'i na Biyu. Bambancinsu ba a ƙarfe yake ba, a madogara yake. A Nau'i na Ɗaya, wasu zarrorin molibdinam suna ɗaure da alumina ta hanyar zarrar oksijin da ta rage tun lokacin da aka gasa katalis ɗin wajen haɗa shi. Wannan ɗauri yana hana su shan salfa sosai, yana kuma janye musu lantarki, sai aikinsu ya yi rauni. A Nau'i na Biyu ɗaurin ya tsinke, fallen yana zaune a kan alumina ba tare da ta shaƙe shi ba.

A daidai wannan zamani, masu bincike a jami'ar fasaha ta Eindhoven a Holan, ciki har da de Beer da Roel Prins, suna ɗora waɗannan ƙarafa a kan gawayi maimakon alumina, suna kuma samun aiki mafi ƙarfi. Gawayi ba ya riƙe molibdinam da ƙarfi, don haka abin da ke fitowa a kansa Nau'i na Biyu ne tun asali. Shaidu biyu daga wurare biyu sun haɗu a kan magana ɗaya.

Sai dai riƙon alumina ba sharri ne zalla ba, kuma wannan shi ne abin da ya sa lamarin ya yi wuya. Riƙon ne ke sa ƙarfe ya bazu ƙanana-ƙanana maimakon ya dunƙule, kuma shi ke hana fallayen haɗewa cikin shekarun da za su yi a zafi. Tsananin zafin da ke tsinka ɗaurin yana kuma sa fallayen su girma, gefuna su ragu, a ci riba ta nan a yi asara ta can. Abin da ake nema shi ne a sassauta riƙon ba tare da an sake shi gaba ɗaya ba.

Dabarar da ta yi nasara daga wajen haɗa katalis ta fito. A 1987 van Veen da abokan aikinsa a ɗakin binciken Shell na Amsterdam suka nuna cewa idan aka narka ƙarafan tare da wani sinadari mai rungume su, wanda ake kira NTA, aka shayar da alumina, aka busar kawai ba tare da gasawa ba, to Nau'i na Biyu ake samu a kan alumina ta yau da kullum. Sinadarin yana shiga tsakanin ƙarfe da madogara. Yana kuma riƙe kobalt ya jinkirta shi, har sai fallayen molibdinam sun kafu, sannan ya sake shi ya tarar da gefuna suna jiransa. Daga baya aka yi amfani da wasu sinadaran masu araha, irin su asid ɗin lemon tsami da dangin gilaikol.

A 1998 kamfanin Akzo Nobel na Holan da abokin haɗin gwiwarsa Nippon Ketjen na Japan suka fito da katalis na wannan nau'i a kasuwa da sunan STARS. Kamfanin Criterion ya fito da CENTINEL. Kamfanin Topsøe kuma, tare da jami'ar Aarhus ta Denmak, sun ɗauki hoton fallayen zarra-zarra a shekarar 2000, suka ga siffarsu mai kusurwa uku, da wani layi mai haske daf da gefe wanda suka danganta da aikin cusa haidirojin, daga nan katalis ɗinsu na BRIM, wato gefe a Turanci, ya samo suna. Ba kowane kamfani ke bayyana sirrin haɗinsa ba, amma duk sun taru a kan daidaita abin da ke tsakanin ƙarfe da alumina. Da waɗannan, tare da gyaran na'urar raba mai a saman tukunya, da wanke iskar haidirojin da ake maimaitawa, da ƙarin tukunya a inda ya zama dole, matatun Turai suka cika wa'adin 2005 da na 2009.

Ita kanta aluminar an taɓa ta. An daɗe da sanin cewa ɗan fosfaras a katalis mai nikel yana ƙara masa ƙarfin cire naitirojin. Yana zama a wuraren da suka fi riƙo a fuskar alumina, ya rage nikel ɗin da ke nutsewa, ya kuma ba da damar narka ƙarfe mai yawa a ruwan shayarwa. Boron ma ana sa shi don gyara tsamin fuskar.

Waɗanda suka ci a ɗakin gwaji

Abin da ya fi ba ni sha'awa a wannan tarihi shi ne jerin madogaran da suka doke alumina a gwaji amma ba su kore ta daga matata ba.

Titaniya, wato haɗin ƙarfen titaniyam da oksijin, ita ce ta farko. A ƙarshen shekarun 1980, Jorge Ramírez na Meziko da abokan aikinsa a Faransa suka nuna cewa molibdinam a kan titaniya yana aiki wajen ninki huɗu na wanda ke kan alumina, idan aka auna zarra da zarra. Titaniya ba zama kawai take yi ba, tana ba fallen lantarki, kusan irin taimakon da kobalt ke bayarwa. To amma filin ramukanta kaɗan ne, irin wadda aka saba samu bai wuce murabba'in mita 50 a giram ba, don haka ƙarfen da za ta ɗauka kaɗan ne. Kuma idan aka ƙara kobalt, tazarar da ke tsakaninta da alumina takan ragu sosai. Kamfanin Chiyoda na Japan ya daɗe yana aiki a kanta, har ya koma ga lulluɓe alumina da titaniya, a sami filin wannan da halin waccan.

Sai madogara masu tsami, wato masu halin asid, irin su ziyolait, wani ma'adini mai ƙananan ramuka, da haɗin silika da alumina. Hikimarsu kyakkyawa ce. Tsamin yana iya ture rassan nan biyu na 4,6-DMDBT daga gefen salfa zuwa wani wuri a zoben, ƙofa ta buɗe. A kwalbar gwaji da mai tsarkakakke abin yana aiki ƙwarai. A mai na gaske kuwa, kwinolin da danginsa kishiyoyin asid ne, su ke fara isa wuraren tsamin su kashe su. Inda tsamin ya tsira kuma, yakan farfasa dizal ya koma mai mara nauyi, ya tara baƙin gawayi. Shi ya sa a sashen da ake amfani da ziyolait don fasa mai, sai an sa katalis mai nikel a gaba ya share naitirojin tukuna.

Gawayi, wanda ya taimaka aka gane gaskiyar lamarin, yawancin ramukansa sun yi ƙanƙanta ga manyan sinadaran dizal, ba shi da ƙwari sosai, kuma ba a iya ƙone dattin da ya taru a kansa ba tare da shi ma ya ƙone ba. Silika mai tsararrun ramuka, MCM-41 da masanan Mobil suka bayyana a 1992 da SBA-15 ta jami'ar Kalifoniya a Santa Barbara a 1998, filinsu yana kaiwa wajen murabba'in mita 1,000 a giram, an kuma rubuta takardun bincike masu ɗimbin yawa a kansu. Amma ba su da nauyi, ga tsada. Mai matata ba da giram yake awo ba, da cikin tukunyarsa yake awo, wadda girmanta ba ya canzawa. Abin da ya yi fice a kowane giram amma ya cika wuri da iska, a wurinsa bai ƙara komai ba. Ina ganin da masu bincike da yawa sun riƙa gwada madogararsu da mai mai naitirojin, suna kuma ba da sakamako a kan lita maimakon giram, da an rage shekarun da aka kashe a kan hanyoyin da ba su ɓulle ba.

Akwai kuma waɗanda suka bi maganar har ƙarshenta. Idan madogara na rage ƙarfin ƙarfe kuma tana cin wuri, me zai hana a cire ta? A 2001 ExxonMobil da Akzo Nobel da Nippon Ketjen suka fito da NEBULA, katalis da kusan dukkansa ƙarfe ne, nikel da molibdinam da tungistin. Ƙarfinsa wajen cire naitirojin da cusa haidirojin ya zarce na masu madogara nesa ba kusa ba. Sai dai tukunya cike da ƙarfe zalla kuɗi ne masu nauyi, yana shan haidirojin sosai, yana kuma fitar da zafin da sai an yi hattara da shi. Saboda haka galibi wani sashe na tukunya ake ba shi, sauran a bar wa alumina.

Nau'i na Biyu ma da nasa farashi. Tunda ba a gasa shi ba, fara aiki da shi yana son kulawa, don idan zafi ya hau kafin salfa ta iso, sinadarin da ke rungume da ƙarfen yakan lalace a banza. Bayan ya yi zamaninsa kuma aka fitar da shi aka ƙone gawayin da ya taru, wutar takan mayar da ɗaurin da ke tsakanin molibdinam da alumina, ya dawo kusa da Nau'i na Ɗaya. Dole aka ƙirƙiro wani mataki na sake jiƙa shi da sinadarai masu rungumar ƙarfe kafin a mayar da shi aiki. Ribarsa kuma ba ɗaya ba ce a kowace tukunya. Mai matsi kaɗan ta fi dacewa da kobalt da hanyar fizge salfa kai tsaye, mai matsi sosai ita ke cin moriyar nikel.

Inda lamarin ya shafe mu

Tsaurin dokar Turai bai sa dizal mai datti ya ɓace daga duniya ba, kasuwa ya canza. A Satumba 2016 ƙungiyar Public Eye ta ƙasar Siwizalan ta fitar da rahoton gwajin man da ta saya a gidajen mai na ƙasashen Afirka takwas, ta sami dizal da salfarsa ta kai ninki 378 na iyakar Turai. A lokacin dokar Najeriya ta yarda da 3,000 ppm. A Disambar shekarar, Najeriya da Benin da Togo da Ghana da Kwaddibuwa suka amince a Abuja su koma 50 ppm, a Fabrairu 2020 kuma ministocin ECOWAS suka tsayar da wannan adadi ga yankin duka, man da ake shigowa da shi daga 2021, matatun cikin gida kuma aka ba su zuwa 2025. Takaddamar da aka yi a Yuli 2024 tsakanin matatar Dangote da hukumar NMDPRA, mai sa ido kan tace mai da rarraba shi a Najeriya, a kan wannan adadin na salfa ta ta'allaƙa.

Ɗanyen man Najeriya irin su Bonny Light salfarsa kaɗan ce, ba ta kai kashi 0.2 cikin ɗari ba, kuma wannan sauƙi ne na gaske. Amma ƙarancin salfa a ɗanyen mai ba ya nufin dizal ɗinsa zai sauka 50 ko 10 da kansa. Dangin 4,6-DMDBT suna nan, naitirojin ma yana nan, musamman idan aka haɗa da man da ya fito daga sashen fasawa. Matatar da aka gina tun kafin a fara maganar waɗannan adadi, kamar ta Kaduna da aka buɗe a 1980, idan za ta fitar da dizal na wannan zamani, tambayoyin da Turawa suka amsa ne a gabanta: nawa ne naitirojin a man da za a tace, haidirojin nawa ake da shi, kuma wane matsi bangon tukunyar zai ɗauka. Katalis ana iya canza shi a duk lokacin da aka tsayar da aiki don gyara. Kaurin bangon tukunya kuwa tun ranar da aka ƙera ta aka yanke shi, kuma shi zai faɗi ko kobalt za a zuba, ko nikel, ko kuwa sai an gina sabuwa.